Ladabi Kafin Allura: Waiwaye Kan Tarbiyyar Likitoci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, dalilin wannan rubutu shi ne wata ziyara da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini kwanakin baya, bayan sallar Magariba. A hannuna yaron nan ya haddace Arba'una Hadisi, ga shi yanzu Allah Ya ba shi gurbin karatun likita. Da muka gaisa sai ya ce, “Malam, na zo a sa mini albarka, a kuma yi mini nasiha.” Cikin hira ya ambata cewa waɗanda suka riga shi shiga sun gaya masa ya zage damtse kan ilmin sassan jiki da na magunguna, amma darasin ɗa'ar aiki kada ya dame shi, daren jarrabawa kaɗai ya isa a haddace shi. Na yi masa nasihar da ta sawwaƙa ya tafi, sai dai maganar ta ƙi barina. Ita ce ta sa na koma cikin littattafai ina bin sawun tambaya ɗaya: tun yaushe aka raba koyon magani da koyon hali, kuma me rabuwar ta jawo mana?

Kalma ɗaya, 'ya'ya biyu

Bari mu fara daga harshe. Kalmar Larabci “adab” ta haifa wa Hausa kalmomi biyu. Ta farko ita ce ladabi, wato kyawun hali da sanin girman mutane. Ta biyu ita ce adabi, wato waƙa da zube da labari. Har gobe a jami'o'in ƙasashen Larabawa, tsangayar da ake karanta tarihi da harshe da falsafa sunanta Kulliyyatul Adab. Magabata ba su ga wata katanga tsakanin abubuwan nan biyu ba, domin a ganinsu wanda ya san labarin mutane da harshensu da abin da ke sa su kuka, shi ne zai iya zama da su lafiya. Abin da manyan makarantun likitanci na duniya ke kira a yau koyar da ɗa'a da fannonin sanin ɗan Adam, kalma ɗaya ta wadatar da magabata wajen faɗinsa.

Daga Ruha zuwa Bagadaza

A ƙarni na 9 na Miladiyya, wani likita mai suna Ishaƙ bin Ali Ar-Ruhawi, mutumin garin Ruha (Urfa ta ƙasar Turkiyya a yau), ya wallafa littafi mai babi 20 da ya kira Adabut Tabib. Littafin bai tsaya kan lissafa magunguna ba. Ya yi magana kan imanin likita da amanarsa, da yadda zai kula da tsabtar jikinsa da harshensa, da ladubban masu jinya da masu zuwa dubiya, da yadda za a jarraba mai da'awar likitanci. Har ya kawo cewa likita ya riƙa rubuta abin da ya gani da abin da ya bayar a kowace ziyara, ta yadda idan majinyaci ya rasu, manyan likitocin gari za su duba rubutun su gane ko an yi sakaci. Shi ma Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta wa wani ɗalibinsa wasiƙa da aka sani da Akhlaƙut Tabib, yana horonsa da tausasa wa mutane, da rufe sirrinsu, da kame ido idan yana duba mata, da yi wa talaka magani kamar yadda zai yi wa mai hali.

Abin bai tsaya a wa'azi ba, hukuma ma ta shigo. A shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Al-Muƙtadir ya hana kowa yin likitanci sai wanda Sinan bin Sabit ya jarraba ya ba shi izini, kuma masu tarihi sun ce waɗanda aka jarraba sun haura 860. Daga baya littattafan hisba, irin su Nihayatur Rutba na Shaizari a ƙarni na 12, suka ɗora wa muhtasibi aikin karɓar rantsuwa daga likitoci cewa ba za su ba da guba ba, kuma ba za su tona asiri ba. Tushen wannan duka yana cikin hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba. Mai karatu zai lura cewa a nan ƙwarewa ita kanta hali ce. Jahilin likita mai fara'a maci amana ne, haka ma gwanin likita mai wulaƙanci.

A ƙasar Hausa

Mu dawo gida. Birnin Katsina tsohon gari ne na ilmi. Hasumiyar Gobarau da ƙaburburan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun ishe mu shaida. A tsarin karatun zaure da muka gada, ɗalibi ba ya rabuwa da littafin ladubban neman ilmi, kamar Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, kuma a cikin irin waɗannan littattafai ne ake kawo maganar da ake jingina wa Imamu Shafi'i, cewa ilmi iri biyu ne, na fiƙihu domin addini da na likitanci domin jiki. Shugabannin jihadi sun riƙe wannan fahimta. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafi guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafe-wallafe kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Da Bature Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a turo likita ya zauna a ƙasarsa. Ashe gudun ilmin likitanci na baƙi ba gadonmu ba ne.

A ɓangaren masu sana'a kuwa, wanzami da maɗori da ungozoma ba sa koyon aiki a aji. Yaro yakan shekara da shekaru yana riƙe wa ubangidansa zabira kafin a bar shi ya taɓa aska, kuma cikin shekarun nan yana ganin yadda ake sallama a shiga gida, da yadda ake fita ba a kwashi zancen gidan ba. Sama da su akwai Sarkin Aska, wanda ake kai wa ƙara. Ba ina cewa zamanin ba shi da aibi ba ne. An yi cire beli da tsaga da suka halaka yara, an kuma yi 'yan damfara masu sayar da garin banza. Ilminsu ya gaza ƙwarai idan aka gwada da na yau. Abin lura kawai shi ne hannu da hali tare ake koyonsu, daga mutum guda.

Zuwan asibiti

Likitancin zamani ya shigo mana ne a bayan sojan Turawa da 'yan mishan, shi ya sa tun farko jama'a suka dube shi da ido ɗaya. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, an kafa ta ne domin horar da malaman makaranta, kuma ta fitar da irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Likitan farko ɗan Arewa kuwa ta wata hanya ya fito: Dokta R. A. B. Dikko, Kirista mutumin Wusasa, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, wanda kuma asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa. An buɗe makarantar likitanci ta Yaba a 1930, Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sannan tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1967.

Manhajar da waɗannan makarantu suka gada ta Turai ce, a lokacin da kimiyya ta mamaye komai. A Amurka, rahoton Abraham Flexner na 1910 ya sa an rufe makarantun likitanci na jeka-na-yi-ka da dama, aka gina karatun a kan ɗakin gwaji da asibitin koyarwa. Alherin wannan ba ya musantuwa, duk wanda aka yi wa tiyata ya tashi shaida ne. Amma shi kansa Flexner, a 1925, ya koka cewa sabon likitancin ya rasa tushe na al'ada da falsafa. A wajenmu kuma sai aka sami ƙarin tazara, domin da Turanci ake karatun, mara lafiya kuwa da Hausa ko Fulatanci yake kuka.

Abin da ya farkar da duniya

Yaƙin duniya na biyu ya nuna cewa digiri ba ya hana zalunci. A shari'ar Nuremberg ta 1946 zuwa 1947 an gurfanar da mutum 23, 20 daga cikinsu likitocin Jamus ne, kan gwaje-gwajen da suka yi a jikin fursunoni. Daga nan aka sami ƙa'idojin Nuremberg na 1947, da rantsuwar Geneva ta 1948, da sanarwar Helsinki ta 1964. Duk da haka, a Tuskegee ta Amurka an ci gaba da bin baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere tun daga 1932 ba tare da an yi musu magani ba, domin a ga yadda cutar ke cin jiki, har sai da asiri ya tonu a 1972. Ganin dokoki kaɗai ba su isa ba ya sa aka koma kan tarbiyya. A 1967, kwalejin likitanci ta Hershey a jihar Pennsylvania ta buɗe sashen fannonin sanin ɗan Adam, irinsa na farko a makarantar likitanci a Amurka, inda ɗalibai ke karanta tarihi da adabi da addini da falsafa. Wani abin sha'awa, a wannan shekarar ce Martin Levey ya fitar da fassarar littafin Ruhawi zuwa Turanci, kuma ita ce shekarar da Zariya ta fara nata karatun likita. Likitocin Musulmi ma sun taru a Kuwait a 1981 suka fitar da kundin ɗa'ar likitanci na Musulunci.

Darasin Kano, 1996

Ba sai mun je Jamus ko Amurka ba. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa. Sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Ina ƙarami a lokacin, abin da na riƙe shi ne yadda aka hana mu kwana a cunkushe cikin ɗaki. Ana tsakiyar wannan ne kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu, wasu kuma suka nakasa. Kamfanin ya tsaya kan cewa cutar ce ta kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ko ya sanar da su cewa ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da sanannen magani a cikin asibitin nan. Jaridar Washington Post ta tono zancen a ƙarshen shekarar 2000, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar nan, domin hannun ɗan gida ne ya rubuta ta, mai ilmi, wanda ya yi rantsuwar aiki. Sakamakon kuma bai tsaya kan yara 200 ba. A 2003, da jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa an gurɓata maganin, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indonesiya, kuma kafin a shawo kan lamarin cutar ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20. Jita-jitar ba gaskiya ba ce, kuma mu malamai da muka bari ta hau mumbari muna da namu kason na alhaki. Amma ƙasar da ta tsiro a kai, cin amana ne ya share ta. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan cikinmu, sun zama magidanta a kan keken guragu.

Doka ta zo, saura hali

Tun daga lokacin an sami ci gaba a takarda. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya tana da kundin ɗa'ar aiki, tana kuma da kotun ladabtarwa. An kafa kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, ya fitar da ƙa'idojinsa a 2007. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sai dai akwai abin da doka ba ta kamawa.

Na taɓa raka gwaggona wani asibiti. Likitan farko bai ɗago kai ya dube ta ba. Ya karanta sakamakon gwaji, ya juya ga abokin aikinsa ya faɗi sunan cutar da Turanci, ya miƙo mini takarda ya ce a kira na gaba. A hanya ta tambaye ni, “Me ya ce? Mutuwa zan yi?” Ta ƙi shan maganin, ta koma wa na gargajiya har wata biyu. Da jiki ya tsananta muka je wurin wata likita. Ita kuwa ta jawo kujera ta ce, “Mama, sannu da jiki. Gaya mini yadda abin ya faro.” Ta saurara, ta yi bayani da Hausa, ta tambayi yadda za a yi da maganin idan azumi ya zo. Maganin da ta rubuta shi ne dai wanda na farko ya rubuta. Bambancin bai fi minti biyar ba, amma minti biyar ɗin nan ne suka sa aka sha magani.

Ba na jahiltar halin da likitocinmu ke ciki. Mutum ɗaya ya kwana yana aiki, gari ya waye ya tarar da layi har waje, albashi bai taka kara ya karya ba, abokansa sun tafi Saudiyya da Ingila. Wanda aka wulaƙanta da wuya ya mutunta wani, don haka gyaran halin likita yana tafiya ne tare da biyansa haƙƙinsa. Mu ma masu jinya muna da laifi, mukan kawo mara lafiya a makare sannan mu zagi ma'aikata, wani lokaci har da duka.

Abin da ya rage mana a Katsina

Yau Katsina ta fara horar da likitocinta a gida. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, ta shiga karatun likitanci, tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya kuma ta zama Asibitin Koyarwa na Tarayya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma makaranta. A ganina, ya kamata ɗalibin likita ya koyi yadda ake sanar da mummunan labari da Hausa, a jarraba shi a kai kamar yadda ake jarraba shi kan jijiyoyi. Ya karanta tarihin Trovan da na shan inna, domin ya san dalilin da ya sa tsoho ke ɗari-ɗari da takardar sa hannu. Ya san hukuncin al'aura da sirri da azumin mai ciwon suga, ya kuma san abin da majinyaci Kirista ko wanda ba Bahaushe ba yake girmamawa. A ba shi labaran marasa lafiya ya karanta, a sa shi ya rubuta nasa.

Sama da duka akwai abin da masana biyu, Hafferty da Franks, suka kira ɓoyayyar manhaja a 1994, wato abin da ɗalibi ke koya daga kallon manyansa. In an karanta masa tausayi da safe, da rana ya ga babban likita yana daka wa mai naƙuda tsawa, darasin rana zai riƙe. Wanzaman da suka sa yaro riƙon zabira sun riga kowa sanin wannan.

Daga ƙarshe na dawo kanmu, malaman Islamiyya. Kafin yaro ya ga ƙofar jami'a ya yi shekara goma a gabanmu. Idan da bulala da zagi muka koya masa hadisin tausayi, mu ne muka fara karanta masa ɓoyayyar manhaja. Na aika wa ɗalibin nan nawa cewa in ya dawo hutu ya zo mu karanta wasiƙar Razi tare, shafi-shafi, kuma na yi niyyar sa ta cikin karatun 'yan ajin ƙarshe, maza da mata. Mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a wannan fanni, ka tambaye shi yadda yake gaida marasa lafiya, kamar yadda kake tambayarsa sakamakon jarrabawa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyara, musamman daga 'yan uwa likitoci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu kula da su da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wallahu a'alam.